Kirci a Bayan Sajan

Litinin, 5 ga Yuni, 2000

Gashin bayan Sajan yana zubewa. Da na dawo daga makaranta na je ba shi dusa, na ɗora hannu a gadon bayansa, sai gashin ya biyo tafin hannuna dunƙule-dunƙule, kowane da ɓawon ƙurji a gindinsa. Wurin ya yi ja. Ya karkaɗa fata, ya juyo ya kalle ni.

Dokin maigidana Sebastian ne, ba nawa ba. Ni ban so a kawo shi gidan nan ba tun farko. Tsohon dokin wasan folo ne da manajan kamfaninsu ya gaji da ciyarwa, maigidana ya ce a ba shi. Na ce, akawu da doki? Ya yi dariya, ya kafa turke a gindin mangwaro.

Malam Lawan da yake kula da shi ya tafi ƙauyensu noma tun ruwan farko. Saura ni, da ko ragama ban iya riƙewa ba.

Sebastian ya tafi Kaduna ran Lahadi, ashirin ga Fabrairu, duba ƙaninsa da aka yi wa aiki. Ya ce Talata zai dawo. Ran Litinin garin ya kama da wuta. Ƙanin yana nan da ransa. Ya ce yayansa ya fita da safe neman mota, iyakar abin da ya sani ke nan. Mun duba asibitoci. Mun duba bariki inda mutane suka fake. Mun duba inda ba na son in rubuta. Babu.

In ya dawo ya tarar da dokinsa haka, me zan ce masa.

Laraba, 7 ga Yuni

Na wanke wurin da ruwan ɗumi da sabulun salo. Ina ta jiran shuri. Bai shure ni ba. Ɓawon ya jiƙa ya riƙa fita da kansa, na goge da tsohon tawul, na tsaya ina jin kamar na yi wani abu.

Kafin magariba hadari ya haɗo. Rumfar da Sebastian ya yi masa da kwano tana yoyo daidai tsakiyar bayansa. Aikin banza.

Juma'a, 9 ga Yuni

Ya ƙaru. Ya kusa gindin wutsiya.

Asabar, 10 ga Yuni

Wani likitan dabbobi ɗan cocinmu ya biyo. Ya ce kircin damina ne, ba ya kisa, a dinga wankewa, kada ya kwana a jiƙe. Ya faɗa min sunan magani. Na je kantin da ya kwatanta a Sabon Gari, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabcin kantin ya ce mai shi ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu kafin a ƙaddamar da Shari'a.

Da yamma Hajiya Raliya, maƙwabciyarmu, ta leƙo ta kan katanga. Tana taka turmi in za ta leƙo, tun zuwanmu unguwar nan haka take yi.

"Maman Derrick, me kike shafa wa dabbar nan?"

Na ce sabulu kawai. Ta ce in dafa ganyen darbejiya har ruwan ya yi kore, in wanke da shi, in ya bushe in shafa man kaɗanya. Wai haka kakarta take yi wa jakinsu. Na ce, Hajiya, wannan doki ne. Ta ce fata dai fata ce.

Ba ta tambaye ni ko an ji labari ba. Ita kaɗai ce ta daina tambaya, kuma na gode mata.

Laraba, 14 ga Yuni

Darbejiya da safe, man kaɗanya da yamma. Gidan duk warin ɗaci. Ya fara sanin ƙarar bokitin, in ya ji sai ya miƙo wuya.

Laraba, 21 ga Yuni

Yau aka ƙaddamar da Shari'a. Ba makaranta. Tun safe motoci suke wucewa cike da mutane ana kabbara, daga Gama, daga Tudun Wada, duk sun nufi cikin gari. Titinmu shiru, ko mai sayar da biredi bai zo ba.

Hajiya ta aiko min da kwanon dambu, ta ce in ina jin tsoro in shigo wurinta in wuni. Ban je ba. In na bar gidan, wani ya ƙwanƙwasa fa?

Ɗana Derrick ya bugo daga Jos ta wayar gidan Hajiya, tamu an yanke, dole na leƙa na amsa. "Mama, ki taho. Me kike tsarewa a nan?" Na ce dokin ba shi da lafiya.

Na wuni ina cire kaska a kunnen Sajan. In na lulluɓe ta da basilin sai ta saki. Ba a yi faɗa a gari ba. Na yi godiya ga Ubangiji, amma da baki kawai.

Talata, 4 ga Yuli

Ƙudaje. Sun taru a idanunsa har gefen idon ya saɓule. Na shafa basilin kewaye da idon, na gauraya ruwan khal mai tsami da ruwa na yayyafa masa a wuya da ƙafafu. Sun gudu na ɗan lokaci, sannan suka dawo da 'yan'uwansu.

Alhamis, 6 ga Yuli

Wata malama a makaranta ta ce zuma tana warkar da miki. Na shafa a babban wurin da ya ƙi bushewa. Da safe na tarar tururuwa ta hau ta jikin mangwaro, ta bi igiya ta rufe bayan. Ya wuni yana birgima a laka don ƙaiƙayi. Na wanke shi da ruwan gishiri ina ba shi haƙuri da baki, kamar mahaukaciya.

Ba na iya komai daidai.

Lahadi, 9 ga Yuli

A coci an yi addu'a domin waɗanda suka ɓata. An daina ambatar sunansa, yanzu "da sauransu" ake cewa.

Laraba, 12 ga Yuli

Gwaggo Ladi, yayar mahaifin Sebastian, ta zo daga Zariya. Ta tsufa ƙwarai, da ƙyar ta sauko daga mota. Ta zauna a falo ta ƙi cin abinci sai ta faɗi abin da ya kawo ta. Dangi sun zauna, suna so a yi masa sujadar tunawa a gida, a sa rana.

Na ce, Gwaggo, wa aka binne?

Ta ce, "Tamar, ni na goya yaron nan. Kina ganin ban fi ki son ya shigo ta ƙofar can ba? Amma masu rai ma suna da hakki."

Na tashi na ce lokacin wanke doki ya yi. Ta biyo ni da sandarta har gindin mangwaro, ta tsaya tana kallona ina goga. Ta ce mace da doki, a garin da kowa yake haɗa kaya. Ta ce a sayar. Sannan ta matso ta duba bayan da kyau, ta ce na cika mai, fatar ba ta shan iska, in rage.

Na rage.

Alhamis, 20 ga Yuli

Wani daga kamfaninsu ya zo. Mai ladabi, ya cire hula, ya ƙi zama. Gidan na kamfani ne, an ɗauki sabon akawu, yana zaune a otal da iyalinsa. Ba sa so su matsa min. Zuwa ƙarshen shekara dai.

Na ce to. Na raka shi bakin get. Ya kalli Sajan ya ce, "Oga yana son dokin nan." Yana, ya ce. Na riƙe wannan har yamma.

Juma'a, 28 ga Yuli

Malam Lawan ya shigo gari sayen taki, ya biyo ya gaishe ni. Da ya ga bayan Sajan ya yi salati. Ya ce su baƙin mai suke shafawa, na mota, kwana kaɗan kirci ya mutu. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma shi ya san doki, ni me na sani. Akwai galan a gareji. Na ce ya gwada a wuri ɗaya.

Asabar, 29 ga Yuli

Wurin ya kumbura ya yi zafi, fatar ta tashi kamar ƙuna. Lawan ya riga ya koma. Na wanke da sabulu har hannuna ya yi fari, baƙin ya ƙi fita duka. Da na taɓa wurin ya kai min cizo a kafaɗa. Bai kama sosai ba. Na zauna a kan bokiti na yi kukan da ban yi a Kaduna ba.

Ba laifin Lawan ba ne. Alheri ya nufa.

Asabar, 5 ga Agusta

Ruwa, ruwa, ruwa. Gindin mangwaro ya zama taɓo. Ba abin da yake bushewa, har gishiri ya narke a gwangwani.

Lahadi, 13 ga Agusta

Bayan sujada Juliet, wata 'yar cocinmu, ta ja ni gefe. Ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce kada in sa rai da yawa. Wata abokiyar aikinta ta ce akwai wani mutum a wani asibiti a Kaduna, tun watan Fabrairu aka tsince shi da rauni a ka, an yi ta yawo da shi daga wannan asibiti zuwa wancan. Ba ya magana. Ba wanda ya zo nemansa. Dogo ne, da furfura.

Dogo, da furfura.

Na kasa cin abinci. Na share ɗaki, na canza zanin gado. Na gaya wa Sajan. Hajiya ta ce in tafi, ita za ta ga dokin.

Alhamis, 17 ga Agusta

Na dawo jiya.

Na hau mota a Unguwa Uku ran Talata da sassafe. Duk hanya ina shirya abin da zan ce. Ba zan yi kuka ba, kada in tsorata shi. Zan ce, Baban Derrick, ka daɗe. Zan ce dokinka ya yi kirci amma ina fama.

Ɗakin dogo ne, gadaje a jere. Ma'aikaciyar ta nuna min na ƙarshe, kusa da taga. Ya juya wa ƙofa baya, an rufe shi da bargo, ƙafafunsa ne kawai a waje. Tun daga nesa na gani. Sebastian yana da ɗan yatsan da ya hau kan ɗan'uwansa a ƙafar hagu, kullum takalmi yana cinsa a nan. Waɗannan yatsun a miƙe suke.

Duk da haka na ƙarasa. Na zagaya na duba fuskar. Wani bawan Allah ne, idonsa a buɗe, yana kallon bango. Ba a san ko Musulmi ne ko Kirista ba, ba a san yarensa ba.

Ban iya juyawa nan take ba. Na zauna a bakin gadon. Diddigensa duk ya tsage, har da jini a busasshe. Akwai kwalbar basilin a jakata, tun da na fara jinyar Sajan ba na rabuwa da ita. Na buɗe na shafa masa, ɗaya bayan ɗaya. Bai janye ba, bai kalle ni ba.

Ma'aikaciyar ta ce, "Mama, naki ne?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To ko na wane ne." Ba ni take tambaya ba.

Na bar mata kwalbar. Na kwana gidan ƙanin Sebastian, ba wanda ya iya kallon wani.

Juma'a, 18 ga Agusta

Ina Kaduna Hajiya ta sa direbanta ya tura motar Sebastian waje, suka mayar da Sajan gareji, suka zuba yashi da ɓuntun shinkafa a ƙasa. Wata biyu ina kallon ruwa yana dukansa, wannan dabarar ba ta zo min ba. Ko ta zo, ban so a taɓa motar ba.

Ita da kanta ta dinga shafa masa mai, da hijabinta da komai. Ta ce ya sa kai a cikin hijabin yana neman ƙuli-ƙuli, ta kusa faɗuwa. Ta ba ni labarin tana dariya, ta kalli fuskata, ta daina. Ta ce, "Allah Ya ba ki haƙuri, 'yar'uwa." Shi ke nan.

Taɓon ya ci masa bayan ƙafafu, saman kofato, duk ya tsattsage. Ruwan gishiri, a busar, a barbaɗa hodar jarirai. Sabon aiki.

Talata, 22 ga Agusta

Na mayar da tsohon zanin gadon.

Litinin, 4 ga Satumba

Tun da ya shiga gareji bayan ya fara bushewa. Ɓawon ya daina fitowa. Inda baƙin mai ya ƙona, gashin da yake tsirowa fari ne, tabo kamar tafin hannu. Likitan ya biyo ya ce haka zai zauna.

Na zaci ran da na ga gashi ya fito zan ji daɗi. Na tsaya na kalla. Wa zan nuna wa?

Asabar, 16 ga Satumba

Loretta, wadda muke koyarwa tare, ta tafi. Na taya ta ɗaure kwanuka. A makarantarmu mu biyar ne 'yan coci, yanzu saura ni da mai gadi. Ba wanda ya kore mu. Shugabar ma har roƙon Loretta ta yi. Amma kowa yana cewa in azumi ya zo aka fara aiki da dokar ba a san yadda za ta kasance ba, kuma ba mai son ya tsaya ya gani.

Ni ban ma da ƙarfin jin tsoro.

Lahadi, 24 ga Satumba

Derrick ya zo. Ya rame. Muryarsa ta koma irin ta ubansa, in ya yi magana daga wani ɗakin sai gabana ya faɗi.

Ya kama min ɗaki kusa da nasa a Jos. Na ce Sajan fa? Ya ce, "Mama, bene ne. A ina zan ɗaure doki?" Ya ce akwai mai keken doki da zai karɓa, ko a bai wa Lawan. Na ce Lawan zai shafa masa baƙin mai. Ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi min ba.

"Ni ma ubana ne! Ni ma na juya gawarwaki ina dubawa! Ke kina da doki, ni me nake da shi?"

Ya fita. Can na leƙa ta taga na gan shi a gareji, ya jingina goshinsa da wuyan Sajan. Na koma kicin na kunna risho, na rasa abin da na zo dafawa.

Da zai tafi ya durƙusa ya ce in yafe masa. Na ce ba komai. Ba mu yanke magana ba.

Lahadi, 1 ga Oktoba

Ban je coci ba. Ban yi rashin lafiya ba.

Talata, 10 ga Oktoba

Ruwa ya ja baya. Ƙafafun sun warke. Yanzu gindin wutsiya yake gogawa a bango har gashin ya kakkarye. Man kwakwa. In wannan ya warke wani zai fito, na gane haka abin yake.

Mutumin kamfani ya wuce a mota da wata mata da yara, suka rage gudu a bakin get, matar tana nuna mangwaron.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Wajen goge-gogensa ya sami ƙusa a jikin ƙofar gareji, ta yanke shi a kafaɗa. Ba zurfi. Na cire ƙusar, na wanke da ruwan gishiri. Amma ƙudan ƙarshen damina sun fi na farko naci, kafin in juya sun rufe wurin. In suka yi ƙwai tsutsa za ta shiga. Dole a rufe.

Na ɗaura tawul, ya yi kaushi, ya goge mikin ya yi jini. Na yanki tsohuwar atamfata, rinin ya zuba a ciki. Tsummokaran gidan duk sun ƙare a kan kircin.

Asabar, 21 ga Oktoba

Mikin ya yi kyau yau, ba ruwa, ba ƙuda.

Jiya na buɗe wadirof ɗin Sebastian. Neman abu mai laushi kawai nake. Fararen rigunansa na ofis suna rataye yadda na goge su. Na ɗauki wadda ta fi tsufa, wadda wanki ya cinye har ta yi laushi kamar auduga, ai ko shi ya ce zai daina sa ta. Na shimfiɗa a kan tebur. Almakashin ya shiga ba gardama. Bayan rigar ya rufe kafaɗar daidai, hannuwan kuma suka zama maɗauri, na zagayo da su ta ƙirjinsa na ƙulle.

Maɓallan na zuba a kofi. Ban san don me ba.

Hajiya ta leƙo da yamma. Ta kalli dokin, ta kalli wuyan rigar da yake lilo a gefe. Ta daɗe a kan turminta. Sannan ta ce ɗaurin ya yi, kada dai in matse da yawa.

Ba wani abu ba ne. Ƙyalle ne, kuma dokin yana bukata. Sai dai kullum za a dinga canzawa, kafin wannan ta bushe ana son wata.

Na sauko da ta biyun, tana kan tebur.